Zafin Motar Baba Tsaf

Sau uku cikin wata guda motar asibitin ido ta yi zafi a hanya, kuma duk ukun Baba Tsaf ne riƙe da sitiyari. Wannan ba abin mamaki ba ne, don shekara ashirin da shida ke nan ba wanda ya zauna a kujerar sai shi. Asibitin ya canza mota sau uku, bai canza direba ba. Kowace Laraba yakan zaga ƙauyuka ya kwaso tsofaffin da za a cire wa yanar ido, ranar Juma'a ya mayar da su gida, kowa da auduga manne a ido guda. Sunan Tsaf kuwa ma'aikata ne suka laƙaba masa, kuma ba su zalunce shi ba. Mutum ne da zai durƙusa ya wanke bayan taya da burushi, wurin da ba mahaluƙin da zai taɓa leƙawa. Da farar riga yake yini a hanya, ya sauko da yamma kamar yanzu ya karɓo ta daga wajen mai guga.

Zafi na ukun shi ne ya ɓata lamarin. Suna tsakiyar dogon hawan nan na bayan gada, da mutum goma sha huɗu a ciki, sai allurar zafi ta miƙe ta nufi ja. Kafin ya sami wurin tsayawa tururi ya turnuƙe gaban motar. Haka ya riƙa kamo hannun tsofaffin ɗaya bayan ɗaya yana kai su inuwar wata bishiya, don rabinsu ba sa ganin inda za su sa ƙafa. Wata tsohuwa ta riƙe masa hannun riga ta ƙi saki, tana tambayarsa a hankali ko wuta ce ta kama, tunda ita huci kawai take ji. Awa biyu suka yi a wurin. Gumi ya jiƙa wa mutum uku audugar ido, abin da aka ja musu kunne a kai tun a asibiti.

Aka kai motar garejin da asibitin ke hulɗa da shi, ta kwana huɗu. Ranar Alhamis Likita ta kira shi ofis. Mace ce da ba ta ɗaga murya, kuma da tana ɗagawa da abin ya fi sauƙi. Ta tura masa takardar da garejin ya rubuto. Sun ce sun tarar da ruwan lagireto ya yi ƙasa sosai, alamar direba ba ya dubawa, kuma zafin ya ƙona gasket, wato shimfiɗar da ke liƙe kan inji da gangar jikinsa, don haka sai an sauke kan inji. Ta ce ta san shi, ta san aikinsa, amma ba za ta sake zuba makafi a titi ba. Idan yana da wanda zai nuna wa motar kafin Litinin, ba ta hana shi ba.

"Ranar Litinin ka zo mini da makullin, Baba, mu yi magana."

Ya gane abin da ake nufi da magana. Amma wallahi ba makullin ne ya fi ƙona masa rai ba. Layin nan guda ne: direba ba ya duba ruwa. Shi, da yake buɗe bonet kowace safiya kafin ya gaisa da maigadi! Ya karanta layin sau biyu, ya ninke takardar gida huɗu daidai wa daida, ya sa a aljihu.

A gida ya tarar da Auta, 'yarsa ta ƙarshe, ta zo yini. Ita da uwarta suka ga fuskarsa suka san akwai magana, kuma ba su bar shi ba sai da ya amayar da ita. Auta ba ta yi wani dogon tunani ba, ta ce ya kai wa mijinta.

To, a nan gizo ke saƙar. Baba Tsaf ba ya shiri da makanikai ko kaɗan. A cewarsa, mota kan shiga gareji da ciwo ɗaya ta fito da biyu, ga baƙin mai a kujera kyauta. Da Auta ta kawo makaniki ta ce shi take so, bai hana ba, amma shekara uku ke nan bai taɓa kiransa da komai ba sai "mijin Auta", alhali duk layin Injiniya suke ce masa. Babban laifin mutumin a wajensa shi ne sanyin hannu. Ya taɓa raka wani maƙwabci garejin, ya ga surukin nasa ya kwashe awa guda yana jera tambayoyi bai ko taɓa sifana ba. Tun ranar yake cewa wannan da alƙali ya zama da ya fi amfani.

Ya ce ba inda za shi. Matarsa ta ci gaba da yanka albasa, ta ce ba komai, idan miƙa makulli ya fi masa sauƙi a kan gaisawa da surukinsa, ita ba ta da ta cewa. Sai dai ya sani tun yanzu, ba zai zauna mata a gida yana sake wanke tukwanen da ta riga ta wanke ba. Ƙofar kicin ta yi ƙara a bayanta, ta miƙa ƙafa ta tura ta, ta saƙala wayar da ke riƙe da ita ba tare da ta waiwaya ba.

Ranar Asabar da hantsi ya shiga garejin surukin nasa da motar, fuska a ɗaure. Rumfar kwano ce mai rami guda a tsakiya, an barbaɗa dusar katako a ƙasa. A bango akwai allo, kowace sifana rataye a ƙusarta, an zana siffarta da farin fenti a bayanta, ta yadda idan ɗaya ta ɓata gurbinta zai tona asiri. Baba Tsaf ya ga allon, ya kawar da kai da sauri kada ya burge shi. Surukin ya fito yana goge hannu, ya rusuna ya gaishe shi, ya jawo kujera ya share ta sau biyu. Sannan ya ce sai inji ya huce kafin a buɗe komai, ya zuba masa shayi, ya zauna a kan tsohuwar taya. Aka fara shari'a.

Yaushe allurar ke hawa, da safe ko da rana? A cunkoson cikin gari tana hawa? Idan mota na tsaye inji na aiki fa? A hawan gadar, a wace giya yake? Idan ya sassauta totur, allurar na komawa ko tana nan? Ruwan, kafin zafin yake raguwa ko bayansa? Baba Tsaf yana amsawa a gajarce, kamar ana cire masa haƙori. A cunkoso ba ta taɓa motsi ba. A tsaye ko za ta yini lafiya lau. Sai an miƙe hanya an taka, musamman a hawa. Ruwa kuwa cike yake fita da shi kullum, sai ta tafasa ta zubar ta ɗan tiyon gefe.

Surukin ya gyaɗa kai, ya ce to ashe ba rashin ruwa ne ya kawo zafin ba, zafin ne ya kawo rashin ruwan. Ya faɗe ta ne kamar mai cewa yau Asabar. Baba Tsaf ya kurɓi shayi, wani abu da ya tokare masa ƙirji tun Alhamis ya ɗan sassauta.

Surukin ya tambayi abin da aka yi wa motar zuwa yanzu. Bayan zafin farko garejin can sun canza bel ɗin fanka. Bayan na biyu sun cire tamostat, ɗan abin nan da ke tsare ruwa har inji ya ɗumama sannan ya buɗe masa hanya, suka jefar, wai a ƙasa mai zafi ba shi da amfani. Surukin ya ɗan runtse ido kamar wanda aka taka wa ƙafa, amma bai zagi kowa ba. Sai ya ce kafin zafin farkon fa, an taɓa wani abu? Baba Tsaf ya miƙe wuya ya ce ba wanda ya taɓa masa mota, shi da kansa ya wanke lagireto ciki da waje kamar yadda yake yi kowace shekara kafin zafi ya shigo. Surukin ya dubi ƙasa ya ce madalla.

Da inji ya huce sai surukin ya miƙe. Baba Tsaf ya yi niyyar zama a kujerarsa, amma bai san lokacin da ya tsinci kansa a tsaye kusa da bonet ba. Mutumin yana aiki yana faɗin abin da yake nema, a hankali, kamar da motar yake magana. Ya buɗe murfin lagireto ya danna robarsa da babban yatsa, ya ce da sauran ƙarfinsa. Ya zaro sandar baƙin mai ya shafa a farar takarda, ya leƙa ƙarƙashin murfin man, ya ce da ruwa ya haɗu da mai da an ga fari-fari kamar madara, ga shi baƙi wuluk yadda ake so. Ya sa aka tayar da inji, murfin lagireto a buɗe, ya sunkuya ya zuba wa bakin ido. Minti ya wuce, biyu, biyar. Baba Tsaf ya fara buga ƙafa a ƙasa. Surukin ya ce kumfa yake jira, don idan gasket ya ƙone iskar inji kan kutso cikin ruwa ta riƙa tasowa ɓul-ɓul. Ruwan yana ta zagayawa sumul, ko ɗigon kumfa babu. Ya zagaya baya ya tara tafin hannu a bakin salansa, ya shinshina, ya duba ko da danshi. Sannan ya dawo ya goge hannu.

"Baba, gasket ɗinka lafiyarsa ƙalau. Kada ka bari a sauke wannan inji."

Baba Tsaf ya ji daɗi har cikin ransa, ya kuma ji haushin jin daɗin. Ya ce to idan ba gasket ba ne mene ne, aljanu? Surukin ya ce bai sani ba tukuna. Wannan amsar ta tsaya wa tsohon a rai, don a shekara ashirin da shida bai taɓa jin makaniki ya ce bai sani ba.

Surukin ya mayar da murfi ya bar inji ya ɗumama. Ya riƙa bin fuskar lagireto da bayan hannu, daki-daki, daga sama zuwa ƙasa, daga dama zuwa hagu. Ya ce inda ya toshe yakan fi sanyi. Bai sami wuri mai sanyi ko ɗaya ba, ya ce wanda ya wanke wannan ya iya wanki. Fanka kuwa ya riga ya wanke ta daga zargi tun a wajen tambayoyi: da ita ce, da a cunkoso motar za ta fi tafasa, inda ba iskar hanya. Ya kashe inji ya girgiza famfon ruwa, ba ya rawa, ba ya yoyo. Komai lafiya. Mota lafiyayya tsaf, wadda ta zube tsofaffi goma sha huɗu a titi.

Sai ya ce tunda a gareji ba ta yi, a je inda take yi. Ya shimfiɗa tamfol a kan kujeru da ƙasan motar, ya lulluɓe ko'ina, sannan ya riƙa jido buhunan yashi yana lodawa, wai nauyin mutum goma sha huɗu yake so. Baba Tsaf ya tsaya yana kallon yashi na shiga motarsa, zuciyarsa na tafasa fiye da lagireton, amma ya lura ko ƙwaya ɗaya ba ta taɓa kujera ba. Suka kama hanya. Surukin na gefe, idonsa a kan allura, kunnensa a kan inji. A cikin gari allurar tana tsakiya ko gezau. Suka haye gada, Baba Tsaf ya sauko giya ya taka kamar yadda ya saba, inji ya ɗauki kuka. Ba a yi nisa ba ta fara rarrafawa sama. Surukin ya ce ya ɗan sassauta. Ta tsaya. Ya ce ya sake takawa. Ta ci gaba. Sau uku suka yi haka, sannan ya ce su tsaya a gefe kada a wahalar da ita. A tsayen, inji na aiki a hankali, allurar ta gangaro da kanta. Ya buɗe bonet, suka leƙa tare, komai na nan cif yadda suka baro shi.

Da suka dawo sun tarar da Auta ta kawo abinci a kula. Mijinta ya ce a ajiye tukuna, kada inji ya huce. Ya sa aka hau da motar kan rami, ya ɗauki tocila ya gangara. Ya ce Baba ya taka totur ya riƙe kamar yana hawan gada. Inji ya yi ta ruri, rumfar kwano na amsawa. Can sai ga kansa ya ɓullo ta gefe, ya ce Auta ta karɓi totur, Baba ya sauko ya gani.

Baba Tsaf ya dubi ramin, ya dubi farar rigarsa. Bai taɓa shiga ramin gareji ba a rayuwarsa. Ya ce ya faɗa masa kawai, ai yana ji. Surukin ya ce abin ba na faɗa ba ne, na gani ne, kuma zai fi so Baba ya gani da idonsa. Tsohon ya tattare riga ya sauka matakala huɗu, yana taka ƙasa kamar mai tsallake kwata. Auta, wadda shi ya koya mata tuƙi tun tana sakandare, ta hau kujerarsa.

Hasken tocila ya sauka kan wani baƙin tiyo mai kauri, wanda ke ɗauko ruwa daga gindin lagireto ya kai wa famfo. A cike yake, zagaye, ba tsaga ba yoyo. Surukin ya buga ƙarfe sau biyu, Auta ta taka. Inji ya ɗaga murya, kuma a gaban idon Baba Tsaf tiyon ya fara lotsawa. Ya tsotse, ya manne, ya koma kamar kumatun tsohon da ba shi da haƙori yana zuƙar abin sha. Aka sake buga ƙarfe, Auta ta saki, tiyon ya kumbura ya koma yadda yake kamar bai aikata komai ba.

Surukin ya yi bayani a taƙaice. Idan aka taka, famfo kan ja ruwa da ƙarfi, tiyon kuma ya tsufa ya yi laushi, sai ya shaƙe kansa, ruwa ya daina isa inji a daidai lokacin da aka fi buƙatarsa. Da an tsaya a buɗe bonet ya riga ya koma mutumin kirki, shi ya sa ba wanda ya kama shi. Ya matsa tiyon da tsumma, ya lotsa a hannunsa ba gardama.

"Irin wannan da waya yake zuwa a cikinsa, naɗaɗɗiya, ita ke hana shi mannewa. Wannan babu ita."

Ramin da zafi, amma Baba Tsaf sai ya ji sanyi ya ratsa shi tun daga tafin ƙafa. Ya tuna wata Lahadi, mako biyar da suka wuce. Ya kwance tiyon nan don ya wanke shi, ya leƙa ciki ya ga wata waya mai tsatsa a naɗe. Ya tuna tsakin da ya ja, da irin zagin da ya yi wa makanikai masu barin shara a cikin motar mutane. Da filaya ya zaro ta, har yana nuna wa matarsa yana cewa ta ga abin da ya ceci motar daga gare shi. Kuma da yake shi ba ya zubar da abu, sai ya kankare ta, ya ɗan miƙar da gefe guda, ya yi wa ƙofar kicin maƙali da ita. Zafin farko ya zo ne a Larabar da ta biyo baya. Ko sau ɗaya bai haɗa biyun ba, don a ransa alheri ya yi wa motar.

Ya saci kallon surukin. Mutumin yana can yana haska maɗaurin tiyo, yana neman sifanar da za ta yi daidai, kamar duk duniya ba abin da ya dame shi sai wannan.

Sauran aikin bai ɗauki lokaci ba. Da inji ya huce aka sa sabon tiyo mai wayarsa a ciki, aka sa sabon tamostat, aka cika ruwa aka fitar da iska. Suka koma hawan gada da yashinsu, Baba Tsaf ya taka iya takawa, allurar ta zauna a tsakiya kamar an kafe ta da ƙusa. Sau biyu suka hau. A na biyun surukin ya ce, ba tare da ya ɗago ba, da wani direban ne da tuni injin nan ya zama tarihi, tsayawar da Baba ke yi da wuri ce ta cece shi har sau uku. Tsohon ya juya motar suka kama hanyar gareji.

A gareji surukin ya rubuta wa Likita takarda, layi huɗu. Gasket lafiya. Ruwa ya ragu ne saboda tafasa, ba saboda rashin dubawa ba. Tiyon ƙasa ba waya a cikinsa, yana mannewa idan an taka. An canza, an gwada da kaya a hawa. Baba Tsaf ya karanta, ya juya bayan takardar ko da ƙari, babu. Ya yi gyaran murya.

"Ka san wanda ya cire wayar?"

"Baba, ni mota aka kawo mini."

Auta ce ta ƙarasa masa labarin washegari, da ta biyo ɗaukar kularta da ya taho da ita. Ta same shi tsaye a ƙofar kicin yana kallon maƙalin. Ta ce mako biyu da suka wuce, ranar da suka zo gaisuwa, mijinta ya ga wayar nan. A hanyar komawa ya tambaye ta daga ina Baba ya samo ta, ta ce ba ta sani ba. Da labarin zafin ya zo sai ya kasa sukuni, ya so ya zo ya yi magana, ya rasa ta inda zai fara. Baba Tsaf ya juyo ya ce, to tunda ya sani, don me ya yini yana shinshina salansa da jidar yashi? Ta ce ita ma ta tambaye shi haka. Cewa ya yi bai sani ba, zato yake yi, kuma ganin waya a ƙofar kicin ba ganin ciwo a mota ba ne. Idan ya canza tiyo a kan zato, ranar Laraba gasket ya ba da kunya da tsofaffi a ciki fa? Sannan kuma, in ji shi, mutum kamar Baba ba a faɗa masa ya yi kuskure, kai shi ake yi inda zai gani.

Baba Tsaf ya mayar da ido kan maƙalin. Shekara uku yana yi wa mutumin nan kallon mai sanyin jiki, ashe abin da yake kira sanyi shi ne ainihin abin da shi kansa yake taƙama da shi, wanke bayan taya inda ba mai gani. Kunya ta kama shi, ta gaske, amma a ƙarƙashinta akwai wani daɗi da bai taɓa ji game da auren Auta ba. Ya ɗauko filaya ya kwance wayar. Ƙofar ta wangale ta bugi bango, matarsa ta leƙo ta ce me kuma ƙofar ta yi masa.

Ranar Litinin ya shiga ofishin Likita da sabuwar farar riga. Ya ajiye abu uku a tebur, a jere: makulli, takarda, da waya. Ta karanta takardar, fuskarta ta saki, ta fara cewa ashe garejin can ne suka yi masa ƙazafi. Da ya yi shiru a nan, da shi ke nan, takardar ta wanke shi tas. Ya nuna wayar da yatsa ya ce ruwa kam bai taɓa fashin dubawa ba, amma wannan shi ya zare ta da hannunsa, yana ganin shara ce. Shi ya zaunar da tsofaffin nan a titi. Idan za ta karɓi makulli, ta karɓa a kan wannan, ba a kan abin da bai yi ba.

Likita ta ɗauki wayar ta jujjuya ta. Ta tambaya ko an gwada motar da gaske, ya ce da buhun yashi goma sha huɗu, sau biyu, a hawan da ta saba yi. Ta ce daga yau zai iya wanke duk abin da ido ke gani, amma abin da ke ciki ba zai sake zare ko zare ba sai ya tambaya. Ya ce ya ji. Ta tura masa makullin da bayan biro, ta ce Laraba mutum goma sha shida ne, ya fita da wuri. Har ya kai ƙofa ta ce wane ne wannan da ya gano abin da aka yi wata guda ana nema, don tana so daga yanzu can za a riƙa kai motar.

"Injiniya ne," in ji Baba Tsaf. Ya ɗan tsaya, hannunsa a kan mariƙin ƙofa. "Ɗana ne."

Da la'asar Injiniya ya zo gidan da sakata sabuwa a aljihu, don surukarsa ta aika masa cewa ƙofar kicin ta hana ta sakat. Ya gaida kowa, ya tsaya gaban ƙofar, ya tura ta, ya jawo ta, ya duba ƙusoshinta. Bai fito da sakatar ba. Ya juyo ya rusuna kaɗan, ya tambayi Baba ko kullum take buɗewa da kanta, ko sai an yi iska.

Matar gidan ta dubi Auta, Auta ta toshe baki da mayafi. Baba Tsaf kuwa ya jawo kujera biyu, ya share ɗaya sau biyu ya tura masa, ya zauna a ɗayar. Ya yi tunani sosai, sannan ya ce sai dai idan an buɗe tagar baya.